DANDALIN 'YAN MATA: Ƙwaryar Kaka Da Fushin Jika

Ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan maganar da muka yi a fitowar da ta gabata game da zaɓen ƙawa. Wasiƙun suna da yawa, wadda ba ta ga tata ba ta yi haƙuri, layi ne, in Allah Ya yarda zai zo kanta.

Yau na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa saboda wata wasiƙa guda ɗaya da ta hana ni barci. Daga wata ƙanwarmu take, 'yar aji 5 a wata makarantar kwana ta 'yan mata, irin wadda ake haɗa ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan. Ta roƙe ni in sakaya sunanta da na makarantar, na kuwa sakaya. Ga abin da ta ce:

"Anti, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina cikin damuwa, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Ni marainiya ce, kakata ta wajen uwa ita ta riƙe ni, kuma da sayar da fura da nono take biya mini kuɗin makaranta. Ina da aminiya 'yar Kudu, tun aji 1 gadonmu ɗaya, ita a sama ni a ƙasa. Da aka ce za a yi ranar al'adu sai ta ce in ara mata kayan Fulani, tana son ta yi shigarmu. Wallahi na ji daɗi. Da muka dawo daga hutu na zo mata da farin saƙin kakata, da murjaninta, da wata ƙwarya mai zane wadda tun ranar aurenta take tare da ita. Ni da hannuna na yi mata kitso.

"Ranar taron sai ta hau dandamali da ƙwaryar a ka, ta shiga tafiya tana karkacewa, tana kwaikwayon gurɓatacciyar Hausa. Ta tsuguna tana yi kamar tana ƙara ruwa a nono tana waige-waige, ta yi kamar ta kasa ƙirga canji. Ɗakin taro ya ɗauki dariya har da malamai, kuma ita aka ba na ɗaya. Anti, idona ya rufe. Tana saukowa na fizge ƙwaryar na buga da ƙasa, ta rabu uku. Na zage ta, na zagi ƙabilarta gaba ɗaya da kalaman da ba zan iya rubutawa ba. An dakatar da ni na mako 2. Yanzu ina gida, kakata ba ta san dalili ba, ba ta kuma san ƙwaryarta ta fashe ba, sakainar tana ƙasan akwatina. Aminiyata ta aiko mini cewa ita ba ta ga laifinta ba, wasa ne kawai, kuma ai ni na ara mata. Anti, ni ce da laifi ko ita? In na koma yaya zan yi?"

Allah Sarki ƙanwata. Kafin in ce komai, ki sani ban ga laifinki ba da kika ji zafi. Duk 'yar halak ɗin da aka mai da sana'ar da ta ciyar da ita abin dariya, dole ranta ya ɓaci. Wadda ba ta ji komai ba a wurin nan ita ce abar tuhuma. Sai dai jin zafi daban, abin da aka yi da zafin daban, kuma za mu zo kansa. Abin da ya same ki ba ke kaɗai ya taɓa samu ba. Duniya ta daɗe tana jayayya a kansa: wani ya ɗauki wani abu na al'adar wasu mutane, tufafi ko kitso ko waƙa ko sana'a, ya yi ado da shi ko ya ci kasuwa da shi, su kuwa masu abin a bar su da raini. Bahaushe ya riga ya ba shi suna tun tuni, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari in fara da na gida. Kun san jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi? Shekaru aru-aru majemanmu suna jeme fatarta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake su ɗora wa raƙuma su keta Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda fatu da takalma da tufafin birnin suke tafiya ƙasashe masu nisa. To daga bakin tekun can Turawa suke sayen fatar, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita saboda laushinta da ƙarkonta. Da wane suna suka san ta? Fatar Maroko! Akuyar tamu, bagaruwar tamu, hannun da ya sha warin jima namu, suna kuwa na wasu. Har gobe fatun Kano suna tafiya Italiya da Sifen, a mai da su jaka da takalmi masu tsada, 'yar Kano ta saya tana yanga ba ta san daga bayan gidansu aka ɗauka ba. Ba wanda ya zo da bindiga ya ƙwace. Sunan mai abu ne kawai ya faɗi a hanya, ba a kuma sami wanda ya tsaya ya tsince shi ba.

Na biyu kuwa ya shafi kanmu, ina nufin kan da ake kitsewa. A 1979 an yi wani fim a Amurka mai suna 10, inda wata Baturiya 'yar wasa, Bo Derek, ta fito da ƙananan kitso an jera masa duwatsu. Nan da nan Turawa suka ɗauka, suka riƙa kiran kitson da sunanta, kamar ita ta ƙirƙiro shi. Shekaru suka shuɗe. A farkon 2018 sai ga fitacciyar nan Kim Kardashian ta fito da irin kitson da su kansu Amurkawa suke kira kitson Fulani, ita kuma ta kira shi kitson Bo Derek. Tirƙashi! Baƙaƙen matan Amurka suka yi mata ca.

Wata za ta ce, haba, a kan kitso kawai? Mu nan kitso ba abin faɗa ba ne, kowacce ta je gidan makitsiya ta zaɓi shuku ko kalaba ko zane, ba mai ce mata uffan. To can ba haka abin yake ba. An daɗe ana korar baƙar mace daga wurin aiki, ana mai da yarinya gida daga makaranta, wai kitsonta ko gashinta bai dace ba. Abin ya kai sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 da ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda gashinsa ko kitsonsa, wasu jihohin suka biyo baya. A Afirka ta Kudu ma, a 2016, 'yan mata sa'o'inku a wata makarantar birnin Pretoria sun yi zanga-zanga saboda ana matsa musu su miƙar da gashin da Allah Ya halicce su da shi, har sai da hukumar ilimi ta dakatar da wannan ƙa'ida. Kun ga inda zafin yake ke nan. Kitson da in yana kan mai shi ake ce masa ƙazanta, in ya hau kan wata sai ya zama ado, har a ba shi sunanta. Ƙanwata, irin wannan zafin ne ya rufe miki ido. Shigar da in kakarki ta yi ta a tasha ake ce mata 'yar ƙauye, ita aka ba wa kyauta a kan wata.

To amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu ɗaura ɗamarar faɗa, mu buɗe akwatunan lefenmu mu duba. Atamfar nan da muke cewa tamu ce, asalin zanenta na mutanen Jawa ne a ƙasar Indunisiya, Turawan Holan suka kwaikwaya suka riƙa bugawa da inji. Kamfanin Vlisco da ke yin holandis ɗin da muke rububi tun 1846 yake a garin Helmond. Shaddar gezna da angwaye ke taƙama da ita daga Ostiriya take zuwa. Lallen da muke ƙunsawa mun yi tarayya a kansa da Larabawa da Indiyawa da wasu al'ummu masu yawa. In aka ce yau kowa ya mayar da abin da ya ara, wallahi da yawanmu sai mun nemi zanen rufa.

Ni kaina mai wannan rubutu ba zan wanke kaina ba. Littafina na farko ina da shekara 19 na rubuta shi, ban daɗe da gama sakandare ba. Lokacin ba ni da aiki sai kallon finafinan Indiya. Na ɗauko ƙashin bayan labarin wani fim, na canza wa mutanen suna, na zaunar da su a Kano, ban gaya wa kowa ba. Har na sa saurayi da budurwa suna zagaya bishiya cikin lambu ana yayyafi. Da littafin ya fito na kai wa malamata ta Hausa da murnata. Bayan kwana 3 ta kira ni, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "'Yata, rubutunki da daɗi. Amma a wace unguwa ta Kano ake wannan zagayen bishiyar? Kuma mai labarin, kin gaishe shi?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar na yi alkawari in na ari abu zan faɗi inda na aro shi.

Ga kuma wani tudun. Sau nawa muka zauna gaban talabijin ana kwaikwayon Hausar Bayarabe ko ta Ibo ko ta Bagwari, an sa masa hula a karkace an mai da shi wawa, muka yi ta dariya har da riƙe ciki? Sau nawa mu Hausawa muka ba da labarin wautar Ɗan Fulani a gaban 'ya'yan Fulani? Ranar ba mu tuna cewa shi ma yana da jika a wata makaranta ba.

Saboda haka aro ba laifi ba ne, da aro duniya take tafiya. Ga wani aro mai kyau. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Indiyawan da muke ara daga wurinsu, su ma suka aro daga wurinmu, da sunan marubuciyar ɓaro-ɓaro a bango. Wa ya yi fushi? Sai ma alfahari da muka yi.

To ta yaya za a bambance aro da sata? Ni dai tambaya 3 nake yi wa kaina. Ta farko, an ambaci mai abu, ko an goge sunansa? Ta biyu, wa ya sha wahala, wa kuma ya ci riba? Ta uku, da girmamawa aka ɗauka ko da izgili? Mu auna aminiyarki a wannan ma'auni. Ranar da ta ce ki ara mata kaya ba ta yi laifi ba, ƙauna ce ta kawo haka, ke ma kin ji daɗi. Da ta hau dandamali ta yi tafiyarta a natse, ta ce wannan shigar Fulani ce, kayan kakar ƙawata ne, da ke za ki fi kowa tafi. Inda ta ɓata shi ne tambaya ta uku. Ta ari ƙwarya don ado, ta yi amfani da ita wajen nuna masu ƙwaryar a matsayin maha'inta kuma jahilai. Wannan ba shi kika ara mata ba.

Ta ce wasa ne. Mu ma ai mun san wasa, ba wanda ya kai mu. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Kanawa da Zagezagi, tsakanin Gobirawa da Yarbawa, a yi ta tsokana ba mai fushi. Amma wannan wasan yana da ƙa'ida. Ɓangarorin biyu sun san da shi tun kaka da kakanni, kuma in ka jefa wa abokin wasanka magana yana da bakin ramawa nan take, a tashi ana dariya tare. Ke kuwa tana sama da lasifika, kina ƙasa cikin ɗaruruwan masu dariya, ba ki da bakin cewa komai. Wasan da mutum ɗaya ke dariya ɗaya na haɗiye hawaye ya tashi daga wasa. Su ma malaman da suka ba da kyauta a kan haka, da sun yi tunani kaɗan da abin bai kai nan ba.

Yanzu sai mu zo kanki, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki zauna ki ƙirga abin da fushin nan ya jawo. Ƙwaryar wa ta fashe? Ta kakarki. Wa aka dakatar ana dab da jarrabawa? Ke. Kuɗin makarantar wa ke tafiya a banza mako 2? Na tsohuwar da kika yi faɗan dominta. Sannan kafin ki fizge ƙwaryar ke ce mai gaskiya, duk mai hankali a ɗakin nan da kin yi masa bayani zai goyi bayanki. Kina buɗe baki kika zagi ƙabila guda, sai magana ta juya. Yanzu ba mai zancen abin da aka yi wa kakarki, zancen da ake yi shi ne abin da kika faɗa. Kin kuma aikata daidai abin da ya ɓata miki rai, kin ɗauki mutane miliyoyi kin yi musu kuɗin goro. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ku dubi yadda wasu suka yi da nasu fushin. Ita dai Kim Kardashian ɗin nan, a 2019 ta fito da kamfanin kayan ciki na mata, ta sa masa suna Kimono. Kimono kuwa ita ce rigar gargajiyar mutanen Japan, wadda suke sawa ranar aure da manyan bukukuwa. Ku kwatanta a ce an ɗauki sunan alkyabba an liƙa wa ɗan kamfai. Mutanen Japan suka fusata ƙwarai. Sai magajin garin Kyoto, tsohon birnin sarautarsu, ya zauna ya rubuta mata wasiƙa cikin ladabi, ya bayyana mata matsayin rigar a wurinsu, ya roƙe ta ta sake tunani, har ya gayyace ta ta zo garin ta gani da idonta. Ba a daɗe ba ta sanar cewa za ta canza suna, kamfanin ya koma Skims. Hayaniyar jama'a ta taimaka, ba na musu. Amma da zagi kaɗai aka yi, da ta sami abin fakewa ta ce an ci mata mutunci.

Haka mutanen Habasha. Gahawarsu ta yankunan Sidamo da Harar da Yirgacheffe ana sayar da ita da tsada a Amurka da Turai, manomin da ya shuka kuwa yana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Gwamnatinsu ta tashi neman a yi wa sunayen rajista a matsayin mallakar ƙasar, aka yi ta ja-in-ja da babban kamfanin shan gahawa na Starbucks, har a 2007 aka cimma yarjejeniya kamfanin ya amince. Su ma fushi ne ya tashe su, sai dai sun bi da shi ta hanyar takarda da hujja. Fushi kamar wutar murhu yake, 'yan uwa. In kin iya ta ki dafa tuwo, in kin sake ta ta cinye ɗakin da ke kanki.

To ƙanwata ga shawarata, ki ɗauki wadda ta yi miki.

Na farko, yau ɗin nan ki fito da sakainar daga akwati ki kai wa kakarki, ki durƙusa ki faɗa mata gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Na san shi ya fi komai nauyi. Amma gara ta ji daga bakinki da ta ji a bakin wani. Wataƙila ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, amma matar da ta yi shekaru tana jin maganganun mutane a bakin kasuwa ba ta fasa ɗaukar ƙwaryarta ba, tana da abin da za ta koya miki a kan haƙuri wanda ni ba ni da shi. In kin samu hali ki nemi gyartai ranar kasuwa. Ƙwaryar da ta rabu uku tana ɗinkuwa, ko ba ta ƙara riƙe nono ba za ta riƙe tarihi.

Na biyu, in kin koma makaranta ki fara ba da haƙuri a kan naki laifin, wato zagin ƙabila, kuma ki bayar a gaban waɗanda kika yi zagin a gabansu. Kada ki haɗa shi da "amma ai ita ta fara". Ki wanke naki tas tukuna. Wannan ba faɗuwa ba ce, shi ne zai dawo miki da bakin magana.

Na uku, ki sami aminiyarki ku biyu kawai, ba a ɗakin kwana cikin 'yan kallo ba. Kada ki ce mata ke muguwa ce, don tana jin haka za ta toshe kunne. Ki ba ta labarin kakarki. Ki gaya mata ƙarfe nawa take tashi, tafiyar da take yi a ƙasa da kaya a ka, yadda take ƙulle kuɗin a bakin zane tana tarawa har su isa kuɗin zango. Ki ce mata, matar da kika nuna tana ƙara ruwa a nono, ita ta sayi sabulun da muke wanka da shi ni da ke. Sannan ki tambaye ta yadda za ta ji in an sa kayan mahaifiyarta an yi haka da su. Ina kyautata zaton yarinyar da ta yi shekara 5 tana kwana a saman gadonki ba da mugunta ta yi ba. Abin da ta saba gani ana yi ana dariya ta kwaikwaya. In ta gane ta ba da haƙuri, ki karɓa da hannu biyu. In ta ƙi, kin sauke naki, ki ci gaba da gaishe ta, amma kin san irin abin da za ki ƙara ara mata.

Na huɗu, ki rubuta wa shugabar makaranta takarda cikin ladabi, ko ki bi ta wurin malamar da kika fi sabawa da ita. Ki nemi a sa ƙa'ida cewa ranar al'adu duk wadda za ta yi shigar wata ƙabila ta yi ta tare da 'yar ƙabilar, kuma ban da izgili ga kowa, har da wanda mu muke yi wa wasu. Ta haka zafin da kika ji zai kare ƙannenki da ke tafe.

Na biyar, wannan ga dukkanmu ne. Mu san abinmu. Da yawanmu sai an taɓa al'ada muke tuna muna da ita. Yarinya za ta yi ta kumfar baki an sace mana kaza, ka tambaye ta sunan zanen da ke jikin ƙwaryar ko yadda ake kaɗa nono a fid da man shanu, sai ta yi zuru. Wata ma kunya take ji a gan ta da kakarta mai tallan nono. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, babu Nijeriya babu Nijar a ciki, duk da irin ƙunshin da muke yi. Ba su sace mana ba, nasu suka rubuta suka kai. A wannan zaman ne kuma aka sa hawan sallar Kano a jerin, saboda an sami waɗanda suka zauna suka rubuta suka kai. Ke da kike aji 5 kin iya rubutu. Ki sayi littafi mai shafi 40, ki zauna gaban kakarki kafin hutun dolen nan ya ƙare, ki rubuta sunan kowane zane da kowane kitso da ma'anarsa. Abin da aka rubuta da sunan mai shi yana da wuyar ɓata a hanya.

Sai kuma maganin lokacin da ido ya rufe, don zai sake rufewa wata rana, a gidan miji ko a wurin aiki. Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in da hali ya yi alwala. Ni na ƙara wa kaina wata dabara. In abu ya ɓata mini rai nakan rubuta duk abin da ke bakina a takarda, in ninke in sa ƙarƙashin matashi. In gari ya waye in karanta. Wallahi sau da yawa kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya cancanci a faɗa, kuma wannan ɗayan shi ne yake yin aiki.

Ƙanwata, kin tambaye ni wa ke da laifi. Ita ta yi laifin rashin tunani, ke kin yi laifin rashin haƙuri, kuma dukkanku yara ne da za ku iya gyarawa. Ina jiran wasiƙarki ta biyu ki gaya mini yadda kuka yi da kaka da kuma aminiyar taki. Ki gaishe mini da tsohuwa ƙwarai da gaske, ki ce wata jikarta a birni tana yi mata fatan Allah Ya sa ta ci moriyar wahalarta.

Sauran 'yan uwa, wadda ta taɓa shiga irin wannan hali, ko ita aka yi wa ko ita ta yi, ta rubuto mana ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Allah Ya ba mu ikon danne zuciya, Ya kare mana mutuncin iyayenmu, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Yayarku ta Dandali.